Ramin Ajiye Zafi na Dawuda Kabo

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Makka ya san ba a buɗe famfo da azahar da gaggawa. Ruwan da ya yini a tanki a saman gida a fusace yake saukowa, in ka tara hannu babu shiri sai ka yi salati da ƙarfi. Mu abin da muka tashi muka tarar shi ne a tari ruwa a bokiti tun da safe, a bar shi a inuwa ya huce. To a wannan garin, inda kowa ke neman hanyar tsere wa zafi, Allah ya haɗa ni da yaya guda wanda ya shafe shekara ashirin yana neman inda zai adana shi. Sunansa Dawuda Kabo. Ni ce ƙanwarsa Ummulkhairi, mai dafa wa alhazai abinci a unguwar Kudai. In kun ji ina yi masa tsiya ku ƙyale ni, tun muna yara nake yi, kuma har yau bai koyi ramawa ba.

A unguwar Hindawiyya aka haife mu duka. Kakanmu a ƙafa ya taso daga Kabo, ya yi shekara bakwai a hanya, ya tsaya noma a Sudan ya ƙara gaba. Da ya iso ya sauke farali sai ya ce ƙafarsa ta gama nata aikin, babu inda za shi. Babanmu ga-ruwa ya yi, garwa biyu a sanda, yana hawa tuddan unguwa da su. Dawuda ya gaji ruwan amma ya ƙi gadon kafaɗar. Ya koyi aikin famfo, abin da a nan muke kira sabbak, ya kuma iya shi iyawar da har yau in bututu ya gagari samari a Mansur ko Hindawiyya, shi ake zuwa ɗauka a tasi.

Dogo ne siriri, mai saurin tafiya, mai mantuwar takalmi. Ba ya shiga gida ya gaisa da masu gidan kai tsaye. Sai ya fara ɗora bayan hannunsa a kan bututun da ke bakin ƙofa, ya ɗan saurara, sannan ya tuna da sallama. A aljihunsa kullum akwai ma'aunin zafi irin na masu gasa burodi. Ranar ɗaurin auren babbar 'yarsa an neme shi an rasa, ashe yana saman ɗakin taron ya tsoma abin nan a tankin mutane.

Ni ce sanadin wannan ciwon nasa, ba da sanina ba. Wata rana ya zo gyara mini famfon madafa da azahar, ruwan ya ƙona shi. Washegari da sassafe ya dawo ƙarasa aikin, ya tarar matan da ke yi mini aiki sun ɗora manyan tukwane a kan gas suna dafa ruwan wanke kwanukan mai. Ya tsaya yana kallon wutar kamar an ci masa mutunci.

“Ummulkhairi,” ya ce, “jiya da rana Allah ya dafa miki ruwa kyauta kin bar shi ya huce. Yau kin kunna gas kina dafa wani.”

“To Yaya, ranar zan ɗaure a ƙafar tebur ta jira ni?”

“Ba ranar za a ɗaure ba. Zafin za a ɗaure.”

Na yi dariya har na riƙe ciki. Shi bai yi ba, ya tattara kayan aikinsa ya hau sama.

Daga ranar saman madafata ya zama wurin gwajinsa. Ya naɗe baƙar tiyo ya shimfiɗa ta a rana, ya kwantar da mataccen firji a bayansa ya sa duro a ciki, ya lulluɓe duron da tsofaffin tawul ɗin harami da alhazai ke bari in za su tafi. Duro na farko ya huce tun kafin isha'i. Na biyu ya tsage, ruwan ya bi bango ya jiƙa mini buhunan gero, na yi wata guda ba na amsa gaisuwarsa. Na uku kuwa, ranar ba zan manta da ita ba. Bayan sallar asuba ina yanka albasa sai na ji mutum yana saukowa daga bene da gudu yana kwaɗa mini kira, na ɗauka gobara ce. Ya shigo da buta a hannu, babu takalmi, ya ce in tara hannu. Na tara. Wallahi ruwan jiya ne, a sama ya kwana, kuma sai da na janye hannuna. Ya dinga tsalle a tsakiyar madafa, mutum da 'ya'yansa, yana cewa, “Ya kwana! Ya kwana!” Ni ma ban san lokacin da na fara guɗa ba.

Mutane suka sa masa suna Ma'ajin Rana. In ya wuce ta Mansur sai masu tsire, da ke kiransa ammi wato baffa, su ce, “Ammi Dawuda, a auna mana zafi mudu biyu, namu ya ƙare.” Shi ko a jikinsa. Sau uku a yini yake hawa sama, rani da sanyi, ya auna ruwan da ke shiga da wanda ke fita, ya rubuta a jikin bango da alƙalamin fenti tare da kwanan wata. Da bangon ya cika ya koma na gefe.

Amma duro ɗaya na madafa ɗaya bai ishe shi ba. Idonsa yana kan tsakar filinmu. Bari in kwatanta muku wurin. Marigayi Alhaji Mahadi ya bar imara biyu, dogayen gidajen da ake sauke alhazai a ciki. Sai madafata a gefe guda, sai gidan wanki na wani bawan Allah Hatim, inda ake wanke zannuwan gado da tawul. Gini huɗu ke nan, fili a tsakiya. A ƙarƙashin filin akwai hazan, wato ɗakin ajiye ruwa da Alhaji ya gina tun kafin ruwan famfo ya iso wajenmu, lokacin da tanka ce ke kawo wa mutane. Girmansa, bas biyu za su kwanta a ciki gefe da gefe. Ya fi shekara talatin a bushe, babu mai tunawa da shi sai Dawuda.

Abin da yake so shi ne a jera allunan gilashi masu tara zafin rana a saman gine-ginen huɗu, a lulluɓe cikin hazan ɗin da kumfar nan mai tauri da ke hana zafi fita, a cika shi da ruwa, rana ta yi ta dafa shi. Sai bututu ɗaya ya fito ya zagaya, ya ba ni, ya ba Hatim, ya ba banɗakunan alhazai, ya koma. Tukunya ɗaya ta unguwa, in ji shi. Ya zana wannan a bayan kwali ya fi sau ɗari.

Bayan Hajjin 1446 sai magana ta taso. Mish'al, ɗan Alhaji Mahadi, wanda gidajen ke hannunsa yanzu, ya ga rufin hazan ɗin ya fara tsagewa, ga shi a kansa motocin alhazai ke tsayawa. Ya ce shi ba zai jira bas ta rufta da mutane ba, cike ramin zai yi da ɓaraguzai a zuba kankare kowa ya huta. Gaskiyarsa ce, ban ga laifinsa ba. Amma ranar da Dawuda ya ji, a tsaye ya shanye shayinsa ya nufi ofishinsa, ni kuma na bi shi don kada ya yi ɓaranɓarama.

“Abu Rakan,” ya ce, don da sunan ɗansa yake kiransa, “ramin nan in ka cike shi ba zai sake tonuwa ba. Ka bar mini shi.”

“Ala rasi, na ji na karɓa, ya ammi,” in ji Mish'al. “Amma in zan bar shi sai na yi masa sabon rufi mai ɗaukar bas, kuma baladiyya, hukumar gari, ba ta karɓar zane a bayan kwali. Ka kawo mini takardar injiniya da ta ce ana bukatar ramin nan. Na ba ka wata ɗaya. Asabar ɗin ƙarshe motocin ɓaraguzai za su zo, na riga na yi magana da su.”

Injiniya kuwa a gidan Dawuda take. Nadiya, autarsa, ta karanci injiniyanci, tana aiki a Jidda a wani kamfanin sanyaya gine-gine. Uba yana tara zafi, 'ya tana korarsa, haka muke tsokanarsu. Hausarta irin ta yaran yanzu ce, kalma biyu tamu uku ta Larabawa, amma kanta yana ja. Ta zo ranar Alhamis da kwamfutarta ta ce akwai manhajar da aka yi musamman don irin wannan aikin. Mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta ta, inda ake dafa ruwa a wuri guda a raba wa unguwa ta bututu. Kai dai ka faɗa mata ƙarfin ranar garinku da yawan ruwan zafin da kuke amfani da shi, ita kuma ta bi shekara sa'a bayan sa'a ta gaya maka girman ma'ajin da kake bukata.

“Kuma maftuha ce, Abuya,” ta ce. “Ya'ani a buɗe take. Ba ta wani kamfani ba ce. Kowa zai iya ɗauka, ya leƙa cikinta, in bai gamsu ba ya gyara.”

“Kamar bututun da ba a binne a bango ba,” in ji Dawuda.

“Haka nan, Abuya.”

Ai sai ya miƙe tsaye. Ashe akwai garuruwa sukutum da ke yin abin da ake yi masa dariya a kai! Ya sa ta nuna masa hotuna, ga tankuna sun fi imararmu tsawo, ga ramuka masu faɗin filin ƙwallo cike da ruwan zafi an yi musu murfi. Ya dinga buga cinya yana cewa, “Ummulkhairi, zo ki ga 'yan'uwana! Zo ki gani!” Ranar kwamfutar sai da aka ƙwace ta daga hannunsa.

Mako uku muka yi babu wanda ya huta. Nadiya tana zuwa duk ƙarshen mako. Ta ɗauki hoton bangon nan na sama kaf ta kwashe lambobin. Ta sa ni ƙirga tukwanen da nake wankewa a rana ta yau da kullum da kuma ranar da gida ya cika, ni da ba na ƙirga tukunya sai in ta ɓata. Hatim ya faɗi sau nawa injinansa ke juyawa. Dawuda ya shiga ramin da fitila da igiyar awo, ya fito fari fat yana dariya. Ta tambayi yadda aka yi amfani da ruwa a Hajji uku da suka wuce, muka faɗa mata iya saninmu. Ni har na fara yi wa tukunyar gas kallon baƙon da ya kusa tafiya.

Alhamis ɗin ƙarshe, saura kwana biyu motocin su zo, muka taru a madafata bayan la'asar. Ta danna, muka zuba wa allon ido. Ba a jima ba zane ya fito, layi shuɗi a sama lafiya lau daga farkon shekara har ƙarshenta. Dawuda ya ce, “Masha Allah!” Amma na ga fuskar Nadiya ba ta murna ba ce.

“Abuya,” ta ce a hankali, “aikin zai yi. Allunan za su yi. Lakin hazan ɗin ne ba a bukata.”

“Kamar yaya?”

“Ƙaramin tankin ƙarfe a saman kowane gini ya isa. Lokacin da gidajen ke cika, lokacin ne rana ta fi ƙarfi, kuma a wannan zafin wa zai nemi ruwan zafi ya yi wanka? Da sanyi kuma gidajen kusan babu kowa. Zafin yini ɗaya kawai ake bukatar ajiyewa.”

“Sake tambayarta.”

Ta sake. Ta ƙara yawan tukwanena, ta ƙara injinan Hatim, ta rage allunan. Amsar ba ta canza ba.

Ni fa raina ya ɓaci. Na ce, “Ke Nadiya, takarda ce fa kawai. Rubuta ana bukata ki sa hannu, wa zai sani?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Gwaggo, ba zan iya ba.” Kafin in ƙara magana Dawuda ya ɗaga mini hannu. “Ƙyale ta. Ko ta rubuta ni ba zan kai ba.” Ya ɗauki kwalin zanensa ya naɗe, ya ce to alhamdu lillahi, ƙananan tankuna ma aiki ne. Ya nemi takalmansa ya saka duka biyu, ya fita a hankali. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci. Na ji haushin kwamfutar, na ji haushin Nadiya, na ji haushin mutanen ƙasashen sanyin da ban taɓa gani ba.

Washegari Juma'a, da aka sauko daga masallaci, na tilasta musu cin abinci a wurina. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe don in faranta masa, ya zauna yana juya loma ɗaya a cikin miya. Shirun ya yi yawa, ni kuma ba na iya zama da shiru, sai na kama mita a kan zafin Hajjin da ya wuce, yadda madafa ta ɗau wuta har mata biyu suka faɗi mini.

“Allah dai ya nuna mana Hajjin sanyi,” na ce, “irin na shekarar da Nadiya ta shiga makaranta. Ka tuna, Yaya? Alhazai kowa da bargo, ina dama kunu tun asuba ba ya isa. Kai ma ba ka zauna ba, hitar ruwa nawa ta ƙone a imarar nan, kowa yana son wanka lokaci guda.”

Ya ajiye lomar.

“Nadiya. Abin nan naki, shekara nawa ya duba gaba?”

“Ashirin da biyar, Abuya.”

“A cikin ashirin da biyar ɗin, a wane wata ya sa Hajji?”

Na ga idonta ya ƙara girma. “Ya Allah,” ta ce. “Yuni. Duka a Yuni.”

Ku ji fa. Mu da aka haifa a Makka, mu da cinmu da shanmu ke bin wata, babu wanda bai san Hajji yana ja da baya kwana goma sha ɗaya duk shekara ba. Amma mun jera shekaru muna yin sa cikin bazara har jikinmu ya ɗauka haka aka halicce shi. Masu manhajar ba su yi laifi ba. Su a ƙasarsu sanyi ba ya ƙaura, watan da ya zo bara a shi zai zo baɗi, don haka shekara ɗaya suke ɗauka su yi ta maimaitawa. Mu ne muka miƙa mata Hajji uku na zafi muka ce haka duniyarmu take. Mu uku muka yi wannan, biyu daga cikinmu da furfura.

Nadiya ta ture kwanonta, ta buɗe kwamfutar a kan ledar cin abinci, tsakanin tuwo da miya.

“Za ta yarda a matsar da Hajjin?” in ji Dawuda.

“Ba sai ta yarda ba, Abuya. Na ce maka a buɗe take.”

Ta shiga cikinta, allon ya cika da ƙananan rubutu layi-layi. Ta nemo wurin da ake maimaita shekarar ta ce ga shi nan, ta fara ƙara nata. Duk shekara a ja Hajji baya kwana goma sha ɗaya. In ya faɗo cikin sanyi, kowane alhaji zai nemi ruwan ɗumi. Dawuda ya tsuguna a gefenta yana ba ta abin da ke bangonsa da ka: da sanyi ruwan da ke shigowa ya fi sanyi sosai, yini gajere ne, akwai shekarar da hadari ya rufe rana kwana huɗu a jere. Na ce azumi ma ai tafiya yake yi, ta ce na yi gaskiya ta sa shi, ko da yake gidajenmu suna da nisa da masallaci, ba sa cika maƙil sai da Hajji. Dawuda ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ni ina gefe ina jan carbi, ina kare kwamfutar daga miya.

“Ki sa wannan ma,” ya ce. “Kwana biyar ɗin da suke Mina da Arfa gida babu kowa, rana tana faɗuwa a banza. Ranar da suka dawo kuwa mutum ɗari shida ne za su yi wanka, Hatim ya tara wanki har rufi, gwaggonki ta ɗora duk tukunyar da ta mallaka.”

Ta sa. Ta danna.

Wannan karon zanen ya fito da tsawo, shekara bayan shekara. Na farko-farkon shuɗi ne. Daga nan layin ya fara sunkuyawa, ya fara ja, ya yi ta gangarowa har ya taɓa ƙasa. Nadiya ta ɗora yatsa a wurin ta ce shekarar 1460 ce, Hajji a tsakiyar sanyi, kuma da ƙananan tankuna tun kafin rabin alhazan su yi wanka ruwan zai ƙare.

“Yanzu sa ramin,” in ji Dawuda.

Ta sa girman hazan ɗin, awon da ya yi da hannunsa. Layin ya tashi daga ƙasa, ya hau, ya hau, ya koma shuɗi tun daga farko har ƙarshe. Ramin yana tara zafin kwanakin da gida ya zama wayam ya riƙe shi har mutane su dawo.

Wallahi ihun da muka yi sai da Hatim ya fito daga gidan wanki da kumfa a hannu. Dawuda ya rungume kan 'yarsa, ya sake ta, ya kama hannuna yana girgizawa yana cewa, “Kununki, Ummulkhairi! Kununki ne!” Na ce ai dama na san ni ce injiniyar gidan nan, ba a dai ba ni takarda ba ne. Daɗi ya cika ni har na ji ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa.

Ba mu yi nisa ba wajen neman Mish'al. Yana tsakar filin yana sa direbobi su janye motocinsu saboda masu ɓaraguzan gobe. Dawuda ya isa gabansa yana haki, Nadiya a bayansa da kwamfuta a buɗe, ni a ƙarshe ina gyara abaya. Mish'al ya karɓa ya duba, ya daɗe yana dubawa, Nadiya tana yi masa bayani da Larabci da sauri.

“Ya'ani,” ya ce, “shekara goma zan yi ina riƙe da rami ba dole ba?”

“Zai yi aiki tun yanzu,” in ji Nadiya. “Amma gaskiya, shekara goma na farko ƙananan tankuna ma za su iya. Daga nan ne ba za su iya ba, kuma lokacin ramin ya riga ya tafi. Haka zan rubuta, haka zan sa hannu.”

Mish'al ya kalli tsagar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Can sai ya yi dariya shi kaɗai.

“Na tuna Hajjin nan,” ya ce. “Baba ya sa ni hawa bene shida da bokitin ruwan zafi saboda tsofaffin da ke sama. Kwana uku ina hawa ina sauka. Har na rantse ba zan gaji wannan sana'ar ba.” Ya ciro wayarsa ya kira mai motocin. “Gobe kada ku zo. A'a, ba jibi ba. Halas, an fasa.”

Dawuda bai ce na gode ba, ya manta. Ya tafi bakin ramin ya durƙusa, ya ɗage murfin ƙarfen da hannu biyu, ya tura kansa ciki ya kwaɗa kabbara. Ramin ya amsa masa sau uku. Direbobin da ba su san abin da ake ciki ba su ma suka kama kabbara.

Wata huɗu aka yi ana aiki. Aka yi sabon rufi, aka manna kumfar a bango da ƙasa, aka jera alluna a sama, bututu ya zagaya gine-ginen huɗu. Nadiya ta mayar da gyaranta inda ta ɗauko manhajar, ta ce duk garin da aikinsa ke bin wata zai iya amfani da shi. Dawuda ya rame don murna, ba ya ci sai na tsaya a kansa.

Ranar da za a saki ruwa a cikin ramin, da hantsi, ya ce ba za a buɗe ba sai Nadiya ta sauka tare da shi. Ta bi shi ta tsani, ni na zauna a bakin murfin ina jin muryoyinsu suna tasowa. Ya bi da ita kusurwa-kusurwa. Nan ne aka haɗa kumfar, in ta fara ɗagowa daga nan za ta fara. Wannan bututun na sama ne, shi ke ɗibar mafi zafi. Wancan bawul ɗin, makunnin ruwan, hagu ake juya shi, kuma yana da taurin kai. Kowane bawul sai ta juya da hannunta, ta buɗe, ta rufe, ta sake. Har ta gaji.

“Halas, Abuya, na gane,” ta ce tana dariya. “In wani abu ya samu ai kai zan kira.”

Shi bai yi dariya ba.

“Bana ki kira ni, baɗi ma ki kira ni,” ya ce. “Amma ba don Hajjin bana na roƙi ramin nan ba. Ranar da za a fi bukatarsa, wataƙila ke kaɗai za ki zo. Sake juyawa in gani.”

Sai a lokacin na yi lissafin da murna ta hana ni yi tun ranar Juma'ar nan. Yayana yana da shekara sittin da bakwai. A 1460 tamanin ke nan. Shi tun a kan ledar tuwo ya gama wannan lissafin, kuma bai hana shi tsalle ba. Na kama bakin murfin na riƙe, hawaye suna zubo mini, ban yi ƙoƙarin tsayar da su ba.

Daga ƙasa ban sake jin dariyar Nadiya ba. Ƙarar ƙarfe kawai na ji, tana juya bawul ɗin a hankali har ƙarshe.